Madugu Ya Rasu, Ƙannensa Suna Cikin Kwali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tsoron da har yau bai sake ni ba, nake sanar da masu amfani da layinmu, da maƙwabta, da abokan sana'a, cewa Madugu ya rasu. Ya cika ranar Laraba da ƙarfe goma da kwata na safe, a cikin kejinsa na ƙarfe, a ɗakin na'ura da ke bayan shagona, bayan shekara shida da wata huɗu yana bakin aiki. Lokacin da ya cika, waɗanda ya kamata su karɓi aikinsa suna kwance cikin kwali a saman kabad ɗin mai ɗakina. Ni na sa su a ciki da hannuna.

Ni ne wanda kuke kira Dutse, mai layin intanet na wannan yanki. Aji huɗu na yi a makaranta, sauran a kan tsani na koya, ina ja wa mutane waya. Ban iya dogon rubutu ba, ban kuma iya kwana-kwana ba. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Da yawanku ba ku taɓa ganin marigayin ba, alhali ba ranar da ba ku mora shi ba. Baƙi ne, mai faɗi, bai fi akwatin tafiya girma ba, da 'yan fitilu kore guda shida a goshi. Waɗannan ƙananan akwatunan da kuke gani a jikin falwaya da saman rufin gidaje, su ne ke rarraba layi gida-gida, amma ba su da kan kansu. Saƙo ya zo musu, sai su tambayi Madugu ina za su bi da shi. Ya faɗa musu. Su riƙe maganar na ɗan lokaci, ta shuɗe musu, su sake tambaya. Haka aka tsara su da gangan. A da kowane akwati da nasa tunanin, in zan canza abu ɗaya sai na hau falwaya tara. Ƙanwar mai ɗakina, wadda kowa ke ce wa Injiniya, ita ta zo ta kwashe tunanin nan duka ta zuba wa na'ura ɗaya, ta ce daga yau daga kan kujera zan riƙa ba da umarni. Ni na raɗa masa suna, don shi ke nuna wa ayari hanya.

Marigayi mai haƙuri ne, mai riƙon amana. Abin da ya bi ta hannunsa na sirrin gidajenku ba kaɗan ba ne, bai taɓa buɗe baki ba. Bai taɓa neman hutu ba. Ya san babba ya san ƙarami: in ƙwallon da ake kallo a shagon aski ta haɗu da hoton mara lafiya daga asibiti a hanya ɗaya, ƙwallo yake tsayarwa, hoto ya wuce, ko da masu aski za su zage ni har kakana. In an ɗauke wuta an dawo da ita, zai yi gaisuwarsa, tit, tit-tit, sannan ya kama numfashinsa na kullum, huuuu, wanda na saba da shi har ba na jin sa sai ranar da ya tsaya. Jikinsa da ɗumi. A kansa nake ajiye kofin shayina don kada ya huce, a kansa nake shanya hulata in ruwa ya doke ni. Daga baya aka ce mini ta nan yake shaƙar iska. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Kejin da ya rayu a ciki, abokina mai walda ne ya ƙera shi, wanda shagonsa ke kallon nawa shekara goma sha tara. An fasa shagon wani maƙwabci, na tsorata, na ce a yi wa Madugu ɗaki na ƙarfe. Mai walda ya tambaye ni ta ina zai sa ƙofa. Na ce ƙofa ita ɓarawo ke nema, kada a sa. Ya cire tabaransa ya dube ni, ya ce, "Dutse, kai ko kabarinka sai ka ce a yi masa silin." Amma ya yi yadda na ce. Ya bar taga ɗaya daidai shigar hannu. Manyan wayoyin gilashi da ke ɗauke da layin yankin nan duka, ta cikin bututan kejin ya bi da su, don kada ɓera ko almakashi su same su. Ya ce ya bar wuri huɗu da babu waya a ciki, ya shafe su da fenti yadda ba mai ganewa, ranar da nake son fito da na'urar in kira shi, minti goma ya ishe shi. Ban tambaye shi wuraren ba. Me zai sa in tambaya, ga shi nan tsallaken titi?

Marigayi ya rasu ya bar marayu arba'in da uku a kan falwayoyi da rufin gidaje. Ya bar makaranta ɗaya, da garejin manyan motoci, da layin masu aski, da gidaje fiye da yadda zan lissafa, da asibitin bakin titi. Ya kuma bar ƙanne biyu, waɗanda bai samu ya yi zumunci da su ba sai na kwana goma sha biyu.

Ga yadda aka yi. Lokacin da akwatuna suke tara, kafin a rufe baki Madugu ya amsa. Da suka kai ashirin da tara, sai na lura in yamma ta yi kowa ya hau layi, numfashinsa yakan yi nauyi, masu tambaya su yi masa layi. Injiniya ta zo hutu ta duba, ta ce aikin ya fi ƙarfin kai ɗaya, kuma ranar da kan nan ya faɗi duka jikin ya faɗi. Ta kawo wasu biyu irinsa sak. Ɗaya ta kai ɗakin da ke ƙarƙashin tankin ruwa, ɗaya ta kai wani lungu a bayan asibiti. Ta ce kowane zai riƙe nasa kason akwatunan, amma duk abin da ɗaya ya sani sai ya faɗa wa sauran nan take, in ɗaya ya faɗi, biyun su raba kayansa kafin ma mai kallon ƙwallo ya ƙifta ido. Na ce me ya sa uku, biyu ba su isa ba? Ta ce biyu in waya ta yanke a tsakaninsu kowa zai ce shi ne babba, na uku ne mai raba gardama. Na ce ni tunda nake ban taɓa ganin mota mai direba uku ba. Ta ce, "Mijin Yaya, kai da ko taya ɗaya aka ba ka sai ka ce ta isa, me ka sani a mota?" Haka muke da ita tun tana sakandare, ba ta raga mini, ba na raga mata.

Ta koma wajen aikinta, tafiyar yini guda daga nan. Kafin ta tafi ta nemi in bar mata hanyar leƙa na'urorin daga can. Na hana. Ɗakina ba mai riƙe mini mabuɗinsa.

Kwana goma sha biyu ina kallon fitilun nan suna ƙifta wa juna ba dare ba rana, abin yana cina. Na zauna na yi tunani irin nawa. Ba wanda ke sa safaya tana birgima a ƙasa tare da sauran tayu. In duka ukun suna aiki tare, tare za su tsufa, tare za su mutu. Hankali shi ne a ajiye biyu sababbi, ranar da babba ya gaji a ɗauko su. Injiniya ta manna wata takarda a bango, ta rubuta yadda za a mayar da komai hannun Madugu shi kaɗai in sabon tsarin ya ba da matsala a makon farko. Na bi ta layi-layi da yatsa. Na je tankin ruwa, na je bayan asibiti, na kwance su, na goge su tas, na mayar da su kwalayensu da ledarsu, na ɗora a saman kabad. Mai ɗakina ta ce ko ƙanwarta ta san da wannan. Na ce ƙanwarta ta san karatu, ni na san kaya. In Injiniya ta bugo waya ta tambayi 'yan ukuna, sai in ce lafiyarsu ƙalau. Wata goma sha ɗaya ina faɗin haka, ina ƙara akwatuna, ina jin kaina mai dabara.

Rashin lafiyar marigayi ta ɗauki mako uku. Da tari ta fara. Yana cikin huuuu ɗinsa sai ka ji ƙarr, ƙarr-ƙarr, sannan ya ci gaba. Na sa hannu ta taga na ɗan bubbuga masa gefe, ya yi shiru, na ce ya warke. Mako na biyu sai na buga sau uku kafin ya lafa. Na kawo fankar ƙasa na saita masa. Na daina ɗora shayi. A mako na uku jikinsa ya yi zafin da ba na iya barin tafina a kai. Ban kira kowa ba, don in na kira za a tambayi ƙannen.

Ranar Laraba ina tsaye a gabansa ya yi ƙarr sau ɗaya, ya ja wani dogon tiiiiit da ban taɓa ji daga bakinsa ba, fitilun goshinsa suka mutu daga dama zuwa hagu. Na kashe na kunna. Na canza waya. Na buga. Na kira sunansa, wallahi na kira, kamar mai ji.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ba abin da ya faru. Na leƙa waje, mai shagon kusa yana kallon wayarsa yana dariya. Layi yana aiki. Marayu ba su san uban ya mutu ba, kowane yana bin maganar ƙarshe da aka faɗa masa. Na tsaya a bakin ƙofa gumi yana bin bayana, don na san maganar nan shuɗe musu take yi, kuma in suka juya su tambaya ba mai amsawa.

Goma da rabi masu aski suka kira. Bayansu gareji. Bayansu shugabar makaranta. Ina riƙe da wayar ina jin mutuwar tana tafiya titi-titi, ina gane kowace falwaya da ta yi shiru, don ni na hau su duka. Ta bi ta bayan kasuwa, ta sauka gangare, ta tsallaka kwalbati. Hanyar asibiti ta nufa. Na kira Injiniya sau biyar, tana cikin taro, ba ta ɗauka ba. Ko shagon mai walda ban duba ba, ballantana in lura a buɗe yake ba kowa a ciki.

Sai na tuna ai ina da safaya. Na hau babur na je gida, na taka kujera na sauko da kwalayen, mai ɗakina tana tambayata lafiya na fice. Na kawo su ɗakin na'ura na ajiye a ƙasa, na jona. Sha biyu saura kaɗan. Suka yi tit, tit-tit, da muryar yayansu sak. Har na ji hawaye. Na ce to, yau za a san wa ya iya ajiya.

Ina cikin haka Injiniya ta kira. Na faɗa mata komai a tsaye, ban rage ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage nin. Ta ce, "Kada ka jona su. Ka ji ni? Kada ka taɓa su." Na ce ai na riga.

Ashe akwatin asibiti Injiniya ta ba shi dogon riƙo tun farko, maganar da aka faɗa masa takan kai awa huɗu ba ta shuɗe ba. Da ban taɓa komai ba, layin asibiti zai kai ƙarfe biyu yana tafiya. Su kuwa ƙannen nan, abin da suka sani shi ne duniyar wata goma sha ɗaya da suka wuce. Akwati ashirin da tara suka sani, ba arba'in da uku ba. Ba su san tanka ta kwashe falwayar kwanar asibiti da damina ba, har na zagaya da layin ta bayan makaranta. Suna farkawa suka ga marayu ba shugaba, suka shiga ba da umarni da gaskiyarsu. Suka goge maganar ƙarshe ta Madugu daga akwatin asibiti, suka ce ya riƙa aika saƙo ta falwayar da babu ita.

Ban ajiye wayar ba kiran babbar nas ta asibitin ya shigo. Ta ce hotonsu ya tsaya a rabi. An kawo mutum ya faɗi a wajen aiki, gefe ɗaya ya saki, sun ɗauki hoton cikin kansa suna aika wa babban likita da ke nesa, don shi kaɗai zai iya cewa jini ne ya toshe ko jijiya ce ta fashe. Akwai allurar da in toshewa ce takan buɗe, in fashewa ce takan kashe, kuma tana da awanninta, in sun wuce ta tashi aiki. Ta ce, "Malam Dutse, maƙwabcinka ne fa, mai walda."

Ban san yadda na isa asibitin ba. Na tarar da allon na'urarsu da wani ɗan layi shuɗi ya cika rabi ya tsaya. Na zuba masa ido kamar kallona zai tura shi. Nas ta ɗauki hoton allon da wayarta ta aika, likita ya ce ba zai sa a yi wa mutum allurar nan a kan hoto mai dishi-dishi ba, a ɗauko shi a mota. Tafiyar awa uku ce in hanya ta yi kyau. Aka turo shi a gado ta gabana. Tabaran walda yana rataye a wuyansa ba wanda ya tuna ya cire. Bakinsa ya karkace. Ya dube ni da ido ɗaya, ya yi wani sauti, ban sani ba ko sunana ne. Matarsa ta ce, "Baban yara, ga Dutse ya zo, ka ga har ya bar shago saboda kai." Na kasa ɗaga kai.

Layi ya dawo ƙarfe biyar da 'yan mintuna, Injiniya tana faɗa mini a waya abin da zan danna, harafi-harafi, da muryar da ake yi wa baƙo magana. Washegari ta iso. Ta mayar da ɗaya tankin ruwa, ɗaya bayan asibiti, ta kawo na uku aro ta ɗora a kan benci kusa da kejin. Na miƙa mata mabuɗin ɗakin ba ta tambaya ba. Tun ranar ba ta sake ce mini mijin Yaya ba. Ina kwana, ina wuni, shi ke nan.

Yanzu su uku suna ƙifta wa juna, an ce ko ɗaya ya faɗi ba wanda zai sani. Na yarda. Amma ko kofi ne ya yi ƙara a shago sai gabana ya faɗi, in ruga in ƙirga fitilu. Waya ta yi ringi, sai na duba ko nas ce kafin in ɗauka.

Ina gode wa duk waɗanda suka zo jaje, har da waɗanda zagi ya kawo su, sun yi daidai. Masu cewa tsautsayi ne su daina, ba na so. Marigayi bai yi laifi ba, ya yi tari mako uku a gabana. Ƙannensa ba su yi laifi ba, abin da suka sani suka faɗa. Na je na faɗa wa matar mai walda haka a tsakar gidanta, a gaban 'ya'yanta. Ta ci gaba da wanke wa mijinta riga.

Game da jana'iza, ana ba jama'a haƙuri kan jinkirin da aka samu. Yau kwana ashirin da shida gawar tana cikin keji, don kejin ba shi da ƙofa. Na kawo masu walda biyu, kowane ya zagaya ya shafa bututan ya ce ba zai sa wuta ba, in ya yanka inda waya take duk yankin zai sake mutuwa har da asibiti, kuma gyaran wayar gilashi ba aikin yini ɗaya ba ne. Ni ma ban ce su gwada ba. Na daina cewa a gwada.

Saboda haka za a fito da marigayi ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, in Allah ya kai mu. An sanar da asibiti su kasance cikin shiri. Ba a buƙatar taro, ɗakin ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu. Daga nan za a kai shi wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa, ni zan ɗauke shi a kafaɗa, ba na son taimako.

An sallamo abokina makon jiya. Likita ya ce toshewa ce, da allurar ta yi masa aiki, amma awanninta a hanya suka ƙare. Maganarsa ba ta fita sosai, amma da aka tambaye shi ko ya tuna wurare huɗun nan, ya gyaɗa kai. Za a tsallako da shi titi a kan kujera, a ba shi alli a hannun hagu ya nuna inda za a yanka, wani ya riƙe wutar. Shekara talatin da ɗaya yana walda bai taɓa bari wani ya riƙe masa ba. Hannunsa na dama zai kasance a kan cinyarsa, inda matarsa take ɗora masa shi kowace safiya.